Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙanƙarar Kogi a Hunturun Ottawa

A Ottawa, babban birnin Kanada, ruwa yakan fara daskarewa a gefen koguna daga ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, kuma ba ya sakewa gaba ɗaya sai ƙarshen Maris ko cikin Afrilu. Wanda karatu ko aiki ya kai shi can, ko wani gari mai irin wannan sanyi, yakan wuce bakin kogi wata safiya ya ga ƙanƙara tana ƙyalli, baƙin ruwa yana gudana a tsakiyarta, tururi yana tashi kamar an ɗora tukunya. Sai ya ciro waya ya ɗauka, ya koma ɗaki ya tarar da hoto ruwan toka wanda bai yi kama da abin da idonsa ya gani ba. Laifin ba na wayar ba ne kaɗai. Ƙanƙarar kogi tana da lokacin da take kyau, tana da wurin da ake tsayawa a kalle ta, kuma tana ruɗar ma'aunin hasken kowace kyamara ta hanyar da za a iya gyarawa idan an gane ta.

Na ɗauki kogunan Ottawa a matsayin misali domin a yi magana a kan wuri na zahiri, wato Kogin Ottawa da Kogin Rideau da ke zuba cikinsa a tsakiyar birni. Abin da ya dace da su zai dace da kowane kogi da ke daskarewa. Hoton da ake nema kusan kullum yana daidai inda ƙanƙara ta haɗu da ruwa mai gudu, kuma nan ne wuri mafi haɗari a kogin, saboda haka dukan aikin daga tudu ake yin sa.

Mataki na farko: sanin irin ƙanƙarar da ake nema

Tafki da kogi ba sa daskarewa iri ɗaya. Ruwa ya fi nauyi idan sanyinsa ya kai kimanin digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, don haka a tafki ruwan da ya fi wannan sanyi yakan tsaya a sama, ya daskare ya zama shimfiɗa guda mai santsi. A kogi kuwa gudun ruwa yana cakuɗa sama da ƙasa, sai dukan ruwan ya huce tare har ya kusa sifili kafin ƙanƙara ta samu gindin zama. Wannan ne ya sa ƙanƙarar kogi take da siffofi da yawa, kowace da makonta.

Ta farko ita ce ƙanƙarar gefe, wadda take fitowa a bakin gaɓa da kewayen duwatsu, inda ruwa yake tafiya a hankali. Siririya ce, ana ganin tsakuwa da busasshen ganye ta cikinta, kuma takan yi layi-layi kamar zanen ƙwarya, domin duk daren da ruwa ya ɗan ja baya sai sabon layi ya fito a ƙarƙashin na jiya. A ganina babu wadda ta kai ta daɗin ɗauka, kuma ita ce ta fi kusa da mai tafiya a ƙasa.

Ta biyu tana samuwa ne a daren da sama ta washe, sanyi ya tsananta, iska tana kaɗawa. Ruwa mai gudu yakan sauka ƙasa da sifili da ɗan kaɗan, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba, sai ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara kamar allurai su cika shi. Da safe za ka ga kogin yana tafiya da wani abu mai kauri kamar kunu. Idan wannan kunun ya dunƙule, dunƙulen suka yi ta karo da juna suna juyawa, sai su zama zagayayyu kamar faifai, gefensu ya ɗan tashi ya yi fari. Akan same su a ƙasan wuraren da ruwa yake gudu da ƙarfi, musamman inda yake kewaya kansa a lungu. Wasu daga cikin alluran kuma sukan manne wa duwatsun ƙasan kogi su yi kamar auduga a cikin ruwa, kuma idan rana ta ɗaga sukan saki su taso, wani lokaci ɗauke da tsakuwa.

Sai ƙanƙarar feshi, wadda take taruwa a kan rassa da duwatsu da ƙarafan gada kusa da inda ruwa yake faɗowa daga tudu. A mafaɗar ruwa ta Rideau, inda kogin ya rabu biyu ya zuba cikin Kogin Ottawa, feshin yakan daskare ya zama bango mai ninki-ninki. Sunan ma daga kalmar Faransanci ta labule ya samo asali. A ƙarshen hunturu kuma ƙanƙara mai kauri takan ruɓe ta tarwatse dogaye-dogaye kamar kyandir da aka jera a tsaye, kuma a wannan hali komai kaurinta ba ta ɗaukar nauyin mutum.

Mataki na biyu: zaɓen rana da wuri

Babbar abokiyar gabar mai ɗaukar hoton ƙanƙara ita ce dusar ƙanƙara, domin da zarar ta sauka sai ta lulluɓe duk zanen da aka fito nema, kogin ya koma farin fili. Saboda haka abin da za ka riƙa dubawa a hasashen yanayi shi ne dare biyu ko uku na sanyi mai tsanani ba tare da dusa ba. Safiyar da ta biyo bayan daren da sanyi ya kai digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili ita ce ta kunun ƙanƙara da faifai da tururi, kuma rassan da ke kusa da buɗaɗɗen ruwa sukan wayi gari da farin gashi na raɓar da ta daskare, wanda iska ko rana suke kakkaɓewa kafin hantsi. Wata dama mai kyau ita ce idan an yi kwana biyu na ɗumi ko ruwan sama, sannan sanyi ya dawo da ƙarfi, domin ruwan da ya kwanta a bisa tsohuwar ƙanƙara yakan daskare ya zama kamar madubi.

Rana a Ottawa ba ta hawa sama a hunturu. A ƙarshen Disamba tana fitowa wajen ƙarfe 7:40 na safe, ta faɗi wajen 4:20 na yamma, kuma ko da tsakar rana tsayinta bai wuce kimanin digiri 21 daga sararin ƙasa ba, alhali a Kano a wannan watan takan haura digiri 50. Amfanin wannan shi ne hasken yana zuwa ta gefe kusan dukan yini, yana fito da kowane tudu da kwari a jikin ƙanƙara. Illarsa kuma yinin gajere ne, wanda ya fita bayan Azahar zai ga La'asar da Magariba sun riske shi tun bai gama zagaye ba.

Game da wuri, nemi inda ruwa ba ya rufewa kuma akwai gada ko hanya mai shinge kusa da shi. Gadar masu tafiya a ƙasa ta Adàwe, wadda aka buɗe a 2015 a kan Kogin Rideau kusa da lambun Strathcona, tana ba ka damar kallon ruwa daga sama kai tsaye. Kogin a nan arewa yake nufa, lambun kuma yana gaɓar yamma, don haka da safe rana tana gabanka tana ratsa ƙanƙarar gefe. Hog's Back, inda kogin yake kutsawa tsakanin duwatsu, yana da wuraren tsayawa masu shinge. A Kogin Ottawa kuwa tsibirin Bate da ke jikin gadar Champlain yana tsakiyar ruwa mai gudu wanda yawanci ba ya rufewa. Ka zaɓi wuri ɗaya ko biyu ka riƙa komawa, domin wanda ya san kogin a kaka ya san inda gaɓa ta ƙare, ya kuma san dutsen da ƙanƙara take fara kamawa.

Mataki na uku: shata wa ƙafa iyaka

Ƙungiyar Red Cross ta Kanada tana ba da shawarar kada mutum ɗaya ya taka ƙanƙara sai kaurinta ya kai santimita 15, taron jama'a kuma santimita 20. Hukumar da ke kula da filin wasan zamiya mai kilomita 7.8 da ake yi a kan mashigin ruwa na Rideau, wato hanyar ruwan da aka haƙa, ba kogin ba, ba ta buɗe shi sai kaurin ya kai kimanin santimita 30, kuma a hunturun 2022 zuwa 2023 ba a buɗe shi ko na yini ɗaya ba, karo na farko tun da aka fara a 1971. Wannan fa mashigi ne da ake rage ruwansa, ma'aikata suna huda shi suna aunawa. Kogi ba shi da mai auna shi. Gudun ruwa yana cin ƙanƙara ta ƙasa, ta yadda inda kake tsaye zai iya kai santimita 20, taku biyu gaba kuma bai kai 3 ba, kuma ta sama ba a ganin bambanci.

Launi yana ba da labari, amma ba ya ba da izini. Ƙanƙara garau mai shuɗi ita ce mafi ƙarfi, fara mai kumfa ƙarfinta kusan rabin na waccan ne, mai ruwan toka kuwa ruwa ne a jikinta. Wuraren da suka fi rauni su ne gindin gada, kwanar kogi, mahaɗar ruwa biyu, bakin magudanar da ke kawo ruwan titi mai gishiri, da ƙasan madatsa. Koguna biyun nan duka akwai madatsu a kansu, kuma idan ruwa ya ja baya yakan bar ƙanƙarar gefe a rataye, babu komai a ƙarƙashinta sai iska. Dusa ma tana yaudara ta fuska biyu: tana rufe ƙanƙara kamar bargo ta hana ta ƙara kauri, tana kuma ɓoye inda ƙasa ta ƙare. Idan ba ka ga ciyawa ko dutse ko gindin itace kusa da ƙafarka ba, ka ɗauka a kan ruwa kake, ka koma ta sawunka. Sawun wani da ka gani a kan kogi shaida ce ta jiya kawai.

Ya kamata a san abin yi ko da ba a fatan aukuwarsa. Gordon Giesbrecht, masanin da ya yi shekaru a Jami'ar Manitoba yana nazarin faɗawa ruwan sanyi, ya taƙaita shi da lambobi uku, 1 da 10 da 1: minti ɗaya na farko na shawo kan numfashi ne, domin sanyi yana sa mutum haki ba da sonsa ba, sai kimanin minti goma da hannuwa suke da sauran ƙarfi, sannan kimanin awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Wanda ya faɗa ya juya ta inda ya fito, ya shimfiɗa hannuwa a kan ƙanƙara, ya riƙa harba ƙafafu har jikinsa ya kwanta a saman ruwa, ya ja ciki ya fito, sannan ya mirgina ya yi nisa kafin ya miƙe. A kogi akwai ƙarin masifa, wato ruwa yana jan mutum ƙarƙashin ƙanƙara. Idan wani ne ya faɗa, ka kira 911, lambar agajin gaggawa, ka miƙa masa reshe ko igiya daga tudu, kada ka bi shi. Ka kuma gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka, ko ku tafi ku biyu.

Mataki na huɗu: shirya jiki da kaya

Mai ɗaukar hoto ya fi mai tafiya jin sanyi, domin tsayawa yake yi. Ka sa tufafi hawa uku: na ciki mai tsotse gumi, na tsakiya na ulu, na waje mai tare iska. Kada auduga ta taɓa fata, domin idan ta jiƙe da gumi ba ta bushewa. Safar hannu biyu ake sawa, siririya a ciki wadda za ka iya murɗa maɓalli da ita, da mai kauri a waje wadda za ka cire na ɗan lokaci ka mayar. Takalmi ya zama mai tsawo, kuma a ɗaura masa ƙarafan nan masu haƙora da ake sayarwa don tafiya a kan santsi, domin hanyar bakin kogi ta fi kogin kansa yawan kayar da mutane. Tabarau ma wajibi ne a ranar da ake rana, domin sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙona ido.

Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. A baƙar fata canjin launi ba ya saurin bayyana, don haka alamar da za ka dogara da ita ita ce mutuwar wurin da taurinsa, musamman kunne da hanci da kan yatsu. Idan ka ji haka ka shiga ɗaki, ka ɗumama wurin da ruwa mai ɗumi kaɗan, kada ka murza shi.

Batir shi ne abin da yake fara gazawa. Yawancin kyamarori an ƙera su ne don aiki daga sifili zuwa digiri 40, kamfanin Apple kuma ya sa wa iPhone sifili zuwa 35, don haka waya takan mutu farat ɗaya alhali tana nuna saura rabin caji. Cajin bai ƙare ba, sanyi ne ya danne shi. Ka riƙe batir biyu, ɗaya a kyamara ɗaya a aljihun ciki, ka riƙa musanya su. Waya ma ta zauna a aljihun ciki, kuma kada ka ƙarar da cajinta a hoto, domin ita ce hanyar kiran taimako.

Gilashin da ya fi amfani a wannan aiki shi ne dogon zum, irin milimita 70 zuwa 200 ko zuwa 300, domin shi ne yake kai ka bakin ruwa kana tsaye a tudu. Sai mazaunin kyamara mai ƙafa uku, da matacin ƙyalli, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara don rage ƙyalli, da ƙyallen goge gilashi, da babbar leda mai zif wadda amfaninta zai zo a ƙarshe. Ka ɗaura gilashin da za ka yi aiki da shi tun daga gida, domin buɗe cikin kyamara a inda dusa take tashi neman ɓarna ne.

Mataki na biyar: awon haske

A nan ne yawancin hotuna suke lalacewa. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, idan aka gauraya, zai ba da ruwan toka matsakaici. Idan ya ga fari ya cika ko'ina sai ya ɗauka haske ne ya yi yawa, ya rage, farar ƙanƙara ta fito kamar tokar murhu. Maganinsa shi ne ka ƙara haske da hannunka ta maɓallin da ke da alamar + da −. Kowace daraja ɗaya tana ninka hasken sau biyu. Idan fari ne ya mamaye hoton, fara da +1, ka duba, ka ƙara zuwa +1.7 ko +2 idan rana ce ta gajimare. A waya kuma ka danna yatsa a kan ƙanƙarar ka riƙe har saitin ya kulle, sannan ka ja alamar rana sama kaɗan.

Sai dai wannan ƙa'idar ta dusa ce, kuma kogi ba dusa ba ne zalla. Idan baƙin ruwa ko garau ɗin ƙanƙara mai duhu ne ya fi yawa a hoton, kyamara za ta yi kuskuren ta ɗaya fuskar, ta ƙara haske har ɗan farin da ke gefe ya ƙone ya rasa zanensa. A irin wannan hali sifili ko −0.7 ne daidai. Tun da hoton da muke nema yana tsakanin fari da baƙi, kusan kowane juyi na kyamara yana bukatar sabon awo, kuma kada ka yarda da abin da allon kyamara ya nuna maka, domin idon da ya sha hasken dusa komai duhu yake gani. Ka buɗe jadawalin haske, wanda yake nuna duhu a hagu da haske a dama. Abin da ake so shi ne tudun jadawalin ya matsa dama har ya kusa bango amma bai hau shi ba. Idan ya hau, farin ya ƙone, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi. Duhun da ya ɗan yi yawa kuwa ana iya ɗaga shi daga baya, musamman idan ka ɗauka da tsarin RAW, mai ajiye dukan bayanan hoton ba tare da matse su ba, wanda nake ba da shawarar a yi amfani da shi ko da a waya ce mai iya wannan.

Launi ma yana bukatar kulawa. Ƙanƙarar da ke inuwa hasken shuɗin sama ne yake sauka a kanta, mai kauri kuma da kanta takan yi shuɗi domin tana shanye jan haske. Idan ka bar kyamara ta zaɓi launi da kanta za ta yi ta sauyawa daga hoto zuwa hoto. Gara ka tsayar da ita a kan saitin hasken rana, wajen 5500 a ma'aunin launin haske na kyamara, ka gyara sauran a gida.

Mataki na shida: ruwa mai tafiya, ƙanƙara mai tsayawa

Ka kafa ƙafa uku ɗin a kan ƙasa mai tauri, ka danna ƙafafun har su ratsa dusa, ka sa ISO, wato saurin jin haske na kyamara, a 100, ƙofar haske a f/8 ko f/11. Abin da ya rage shi ne tsawon lokacin da ƙyauren kyamara zai zauna a buɗe, kuma shi ne yake yanke yadda ruwan zai fito. A 1/500 na daƙiƙa kowane ɗigo yana tsayawa cak. Daga 1/4 zuwa 1/2 ruwan yana yin zare-zare amma ana ganin inda ya nufa, kuma wannan nake fifitawa, domin yana bambanta mai motsi da mai tsayawa ba tare da ya mayar da kogi madara ba. Daga daƙiƙa 2 zuwa sama ruwan yakan zama hayaƙi, abin da yake kyau sau ɗaya ya gundura a na goma. Faifan ƙanƙara da ke tafiya suna bukatar 1/250 idan kana son siffarsu, ko daƙiƙa 4 zuwa 8 idan kana son zanen kewayen da suke yi a lungu.

Da rana tsaka a kan dusa, f/11 da ISO 100 za su ba ka wajen 1/400, wanda ya yi sauri ƙwarai. Ko dai ka jira inuwa ko bayan faɗuwar rana, ko ka ɗaura baƙin mataci mai rage haske. Mai daraja 6 yana mayar da 1/60 ya zama daƙiƙa ɗaya. Kada ka danna maɓalli da hannu a irin wannan jinkiri, ka sa agogon daƙiƙa 2. A kan gada kuma ka jira masu wucewa su yi nisa, domin takunsu yana girgiza ta.

Matacin ƙyalli shi ne yake ba ka zaɓi tsakanin saman ƙanƙara da cikinta. Idan ka murɗa shi ta wata fuska, hoton sama da itatuwa da ke kwance a kan ƙanƙarar zai ɓace, ka ga kumfa da tsaga da duwatsun ƙasa. Ya fi aiki idan kana kallon ƙanƙarar a karkace, kimanin digiri 37 daga shimfiɗarta, kuma yana cin haske kusan daraja biyu, wanda taimako ne a nan. Kada ka kashe ƙyallin gaba ɗaya, domin ƙanƙarar da ba ta ƙyalli kamar leda take fitowa.

Fokas na atomatik yakan yi ta kai da kawowa a kan fili mai santsi. Ka ɗora shi a kan tsaga ko kumfa ko bakin ƙanƙarar, in ya ƙi ka koma na hannu ka faɗaɗa hoton a allo. A hoton kusa, abin da yake fitowa sarai bai wuce 'yan milimita ba, don haka ka daidaita fuskar kyamara da fuskar ƙanƙarar. Kuma ka riƙe numfashi idan fuskarka tana kusa da gilashi, domin hucin baki yana daskarewa a kansa nan take, gogewa kuma sai ta ƙara dagula shi.

Wajen tsara hoton, ka rage abin da ke ciki. Layin da ƙanƙara ta yi da ruwa ya shigo daga kusurwa ya ratsa hoton, kuma a samu abu ɗaya da ido zai sauka a kansa, ko jan ganye da ya maƙale, ko dutse mai hular ƙanƙara, ko agwagwar da ta ƙi yin ƙaura. Ka gwada fuskantar rana, domin siririyar ƙanƙara ba ta nuna kanta sai haske ya ratso ta baya. Ka ɗauki faffaɗan hoto guda ɗaya a kowace fita, mai nuna gada ko gini, domin wanda bai taɓa ganin kogi ya daskare ba ya gane girman abin. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris hukumar birnin takan yanka ƙanƙarar Kogin Rideau ta fasa ta da nakiya kusa da mafaɗar ruwan don hana ambaliya, aikin da ya haura shekara 100 ana yi, kuma manyan ɓaraguzan da ke gangarowa abin ɗauka ne daga bayan shingen da ma'aikata suka kafa, da saurin ƙyaure na 1/1000 na daƙiƙa.

Mataki na bakwai: shiga ɗaki

Kyamarar da ta yi awa biyu a sanyi, idan ta shiga ɗaki mai ɗumi, takan yi gumi kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firji, kuma gumin har cikin gilashi da wayoyinta yake shiga. Tun kana waje ka cire memori da batir ka sa a aljihu, ka kakkaɓe dusa, ka sa kyamarar a ledar nan mai zif ka rufe, sannan ka shiga. Ka bar ta awa ɗaya zuwa biyu har ta daina sanyi a hannu, raɓar ta taru a bayan leda. Haka za ka yi ko da shagon shayi ka shiga ko motar haya. Idan kuwa ta riga ta yi gumi, kada ka fita da ita sai ta bushe, domin danshin zai daskare a ciki. Ƙafa uku ɗin ma a zare ƙafafunsa a bar shi ya tsane.

Wajen gyara a kwamfuta, ka fara da farin: ka ɗaga shi har ya zama fari na gaske amma zanen jikinsa bai ɓace ba. Sannan ka rage shuɗin inuwa kaɗan, ka bar saura, domin shi ne yake sa mai kallo ya ji sanyin wurin. Ka yi hattara da maɓallin ƙara kaifi, yana saurin mayar da dusa kamar siminti. Ka faɗaɗa hoton ka nemi ɗigon ƙurar da ke kan idon kyamara, wanda farin fili yake tona wa asiri a f/11, ka goge su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ka rubuta a jikin fayil ɗin ranar da wurin da yawan sanyin daren da ya gabata, domin idan hasashen yanayi ya sake nuna irin wannan daren ka san gadar da za ka nufa da asuba.